Gumin Magini a Kan Sikeli

Ranar Talata ce, a makon ƙarshe na watan Yuli, ƙarfe uku da rabi na rana. Mu uku ne a ɗakin motsa jikin da nake aiki a unguwar Mahdiya ta garin Sabha, tsallaken Sahara: ni, da wani mai walda ɗan Kano da ke zuwa ɗaga ƙarfe, da wani magini mutumin Tanut wanda yake kan keke. An ɗauke wuta tun azahar. Fankoki huɗun da ke rufi sun tsaya cik, ƙofar ƙarfe a ɗage take rabi, iskar da ke shigowa ta ƙarƙashinta kuwa kamar daga bakin tanderu. Mai wurin, wani Balarabe da muke kira mudir, ya tafi gida barcin rana.

Kafin in faɗi abin da ya faru a wannan sa'a, sai na koma baya mako uku, domin da hannuna a ciki.

Ɗakin shaguna biyu ne aka fasa bangon tsakaninsu. Akwai kekuna uku marasa tafiya, da injin gudu da ba ya motsi sai da wuta, da benci, da ƙarafa, da wani dogon madubi mai tsaga a gefe. Aikina shara da goge-goge da cika firji da ruwa. Kafin in zo Sabha na yi shekara shida ina karanta labarai a wani ƙaramin gidan rediyo a Damagaram. Abu guda na taho da shi daga can: ba na son jin "da yawa" ko "kaɗan". Wanda ya koya mini aikin, in ka rubuta "mutane da yawa", maido maka takardar yake yi, ya ce su nawa.

Kowace yamma ina goge gumin da ya taru a ƙarƙashin kekuna. Wata rana ina matse tsumma a bokiti sai na tambayi kaina, wannan ruwan nawa ne. Na tuna wani ɗan gajeren shirin lafiya da na taɓa fassarawa na karanta. Hanyar ba ta da wuya. Mutum ya hau sikeli kafin ya fara, ya sake hawa in ya gama. Kowane kilo ɗaya da ya ɓace, kimanin lita ɗaya ce ta gumi. In ya sha ruwa a tsakani, a ƙara abin da ya sha a kan lissafin. Muna da sikeli mai batir a lungu. Na samo alli, na fara rubutu a bango bayan ƙofa.

Ban rubuta sunan kowa ba. A Sabha babu baƙon da ke son ganin sunansa a jikin bango. Kowa da alamarsa. Mai walda tauraro ne, saboda tartsatsi. Da magini ya zo, sai na zana masa cokalin gini.

Abin ya zama wasa. Da mutum ya sauka daga sikeli sai mai walda ya ce, "Mai labarai, a karanto mana kanun."

Ni kuma in gyara murya in ce, "Rahotanni daga Mahdiya na cewa mai walda ya yi asarar lita ɗaya da kwata cikin sa'a guda. Babu wanda ya ji rauni."

"Kai fa, nawa ka zubar?"

"Ni ma'aikaci ne, ba na hawa."

"Ƙarya kake. Badamagare ne kai, ko gumi ma rowarsa kuke yi."

Magini ya shigo cikinmu ne ta hanyar aiki. Shi ya yi wa mudir filastar bangon baya, mudir kuma ya ce ya riƙa zuwa a lokacin da babu kowa, tsakanin azahar da la'asar. Dogo ne mai faɗin ƙashi, zai yi shekara arba'in, ba shi da yawan magana. Yana aikin gini a unguwar Gurda daga asuba zuwa tsakar rana, yana kwana a unguwar Tayuri. Ranar farko ya yi sa'a ɗaya a kan keke cikin doguwar riga mara nauyi. Da na yi lissafi sai na samu lita biyu ba kwata. Babu wanda ya taɓa kaiwa haka a bangon. Mai walda ya tafa masa, ya ce a ba shi sarautar rijiya. Magini bai yi dariya ba. Ya tsaya yana kallon lambar da na rubuta, ya daɗe.

Sai da mai walda ya fita ya yi magana.

"Malam, wannan da yawa ne ko?"

"Ya fi na kowa a nan."

"Na sani dama."

Ya zauna a benci ya ba ni labari a taƙaice, idonsa a ƙasa. Shekara huɗu da suka wuce, lokacin da yake shigowa, motarsu ta lalace a Sahara bayan Dirku. Kwana uku suka yi. Ya ce ya lura da waɗanda suka fara kwanciya, duk masu yawan gumi ne irinsa. Direban kuwa, wani Batube siriri ɗan Sahara, rigarsa a bushe take har aka zo aka ɗauke su. Daga nan ya yanke cewa jikin direban ya koyi riƙe ruwa, kuma abin da jiki ɗaya ya koya, wani ma zai iya koya.

Yanzu gida zai koma. Mota za ta tashi a farkon Agusta. Direba ya ƙayyade wa kowa kayan da zai ɗauka, shi kuma ya sayi kan keken ɗinki zai kai wa matarsa. In keken ya shiga, jarkar ruwa ɗaya ce za ta shiga, maimakon biyu da ake ce wa kowa ya riƙe.

"Ina da mako uku da 'yan kwanaki," ya ce. "So nake wannan lambar ta sauko."

Na ce masa ban ga alamar jiki yana koyon irin wannan ba.

"Ka sani, ko zato kake?"

An horar da ni kada in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na ce zato nake.

"To mu auna. Ga sikeli, ga alli."

Na yarda. Gaskiyar magana, na ji daɗin shawarar. Tambaya ce mai amsa, kuma amsar a lamba za ta zo.

Ya fara zuwa kullum ban da Juma'a. Yana shigowa da ƙurar siminti a gira, da kwalbar ruwa ta rabin lita, ita ce iyakar abin da ya yarje wa kansa daga tashi aiki har magariba. A makon farko lambar ba ta motsa sosai ba. Yau biyu ba kwata, gobe ɗaya da rabi, jibi ta koma. A farkon mako na biyu ya zo da wata jaket mai kauri, irin mai auduga a ciki, wadda ya saya a gwanjo saboda sanyin dare a Sahara. Ya ce zai riƙa hawa keke da ita, don jiki ya san zafi na gaske. Ya sa wando mai kauri a kan na ciki. Da su yake hawa sikeli kafin ya fara, da su yake hawa in ya gama. Ban ga aibu ba. Tufafi ɗaya ne a awo na farko da na biyu, na ɗauka sun soke juna. Kuma shi mutum ne da ba ya tuɓe riga a gaban mutane, ban taɓa ganin ko kafaɗarsa ba.

Lambar ta faɗo. Lita ɗaya. Bayan kwana biyu, rabi da kwata. A ƙarshen makon, rabin lita. Ruwan da ke taruwa ƙarƙashin kekensa ya ɓace, na daina kai tsumma wurin, na kuma ɗauki wannan a matsayin shaida ta biyu. Na karanta masa da muryar rediyo: "Gumin magini na ci gaba da raguwa, kwana na biyar ke nan a jere." Ranar ce na fara ganin haƙoransa.

Akwai abubuwan da na gani ban rubuta ba, don ba su da gurbi a bangon. Leɓensa ya tsattsage. Muryarsa ta dushe. A da yana zagayawa bayan gida kafin ya tafi, sai ya daina. Sau biyu ƙafarsa ta ɗaure a kan keke har sai da mai walda ya murza masa. Wata la'asar muna salla, bayan sallama ya juyo ya tambaye ni raka'a nawa muka yi.

Mai walda ya ja ni gefe. "Mai labarai, allinka na cewa lafiya lau. Ka kalli fuskar mutumin nan kuwa?"

"Gajiya ce. Gini yake yi."

"Ni ma ƙarfe nake narkawa, amma idona bai faɗa rami ba. Ka ce masa ya sha ruwa."

Na ce masa. Ya nuna mini bango.

Ranar Litinin ta mako na uku, da ya gama, ya cire jaket ɗin zai yi alwala, ya ajiye ta a benci. Bayan salla ya ce kansa na ciwo, ya tafi ya manta da ita. Na zo goge bencin na ɗaga ta da hannu ɗaya, sai hannun ya sunkuya. A jiƙe take sharkaf, amma ko ɗigo ba ya zuba. Audugar ta shanye komai. Na hau sikeli riƙe da ita, na sauka, na sake hawa ba ita, na rubuta bambancin. Na rataye ta a ƙusa. Da safe ta bushe ƙayau, da fararen layukan gishiri a baya da hammata. Na sake auna ta haka. Tsakanin jiƙaƙƙiya da busasshiya akwai kilo ɗaya da ɗan ɗori. Ban ma auna wandon ba.

Gumin bai ragu ba. Yana fita daga jikinsa ya tsaya a cikin jaket, ya hau sikeli tare da shi, ni kuma in lissafa shi a matsayin ruwan da ke cikin jiki. Kwana goma ina karanta masa labarin ƙarya da murya mai kyau.

A tsaye nake riƙe da jaket ɗin na tuna sauran. A takardar da na fassara shirin lafiyar nan akwai wata jimla da ta ce mutum ya auna kansa ba tufafi, bayan ya goge jikinsa. Shirin yana fita ne da hantsi, lokacin da mata da yara ke kusa da rediyo. Shugaban sashe ya ce jimlar ba ta dace da iska ba. Ni na soke ta da jan biro. Na karanta shirin sau uku ba ita, kuma wanda na karanta shi ya zauna a kaina.

Da ya shigo ranar Talata, ƙarfe biyu da rabi, na tare shi a bakin ƙofa. Na nuna masa jaket ɗin da lambobin biyu. Na yi masa bayani dalla-dalla, na ce kuskuren nawa ne. Ya saurara har na gama.

"Jiya ka ce ya ragu. Yau ka ce bai ragu ba. Wanne ne labarin?"

"Na yau."

"Gobe kuma akwai na gobe."

A gidan rediyo mun san wannan. Gyaran labari ba ya isa inda labarin farko ya isa. Mutum goma sun ji na farko, biyu ne za su ji gyaran, su ma da shakka.

Mai walda ya sa baki. "Yaya, ka bar wannan abu. Ka sha ruwa ka kwanta a benci. Keken ɗinkin nan a aika shi daga baya, ba ƙafa gare shi ba balle ya gudu."

"Shekara huɗu ina ce mata daga baya," in ji magini. Ya juyo gare ni. "Ka ce jaket ce ta ruɗe ka. To yau babu jaket. Ka auna yadda takardarka ta ce. In lambar ta koma biyu, na bari, zan sha ruwa a gabanku, in ɗauki jarka biyu. In ba ta koma ba, ku ƙyale ni."

Na duba maganar na ga ta yi daidai. Awo ɗaya na gaskiya zai rufe zancen, kuma na tabbata lambar za ta koma. Ban tambaye shi abin da ya sha tun safe ba. Daga baya na ji cewa a kan rufin bene ya yini yana zuba kankare, kuma kwalbar tasa ma ya bar ta a Gurda.

Muka kai sikeli bayan labulen da ake sauya kaya. Ya shiga shi kaɗai, ya hau da gajeren wando, ya faɗo mana lambar daga ciki. Ya fito da rigarsa mara nauyi ya hau keke. Na duba agogo: uku saura minti ashirin.

Minti goma sha biyar na farko rigar ta jiƙe a baya, tabo mai faɗin tafin hannu biyu. Na ji sanyi a raina, na ce ga shi nan. Na ci gaba da kallon tabon kamar mai jiran sakamako. Ƙarfe uku da minti goma ya daina faɗaɗa. Uku da kwata gefensa ya fara bushewa, yana barin farin zobe. Ƙasan keken babu ko ɗigo. Mai walda ya ajiye ƙarfen da yake ɗagawa, bai sake ɗauka ba. Babu abin da ake ji sai ƙarar sarƙar keke, ita ma tana raguwa.

Ƙarfe uku da rabi, magini ya saki hannu ɗaya daga kan keken, ya shafa goshinsa, ya miƙo mini tafin.

"Malam, duba."

A bushe yake. Na matsa na taɓa wuyansa. Fatar ta yi zafi kamar murfin tukunya, babu laima ko kaɗan.

"Sauko," na ce.

"Saura minti goma."

"Sauko, an gama. Na ga abin da zan gani."

"Rubuta tukuna." Ya dube ni, amma idon bai tsaya a kaina ba. Ya ce in gaya wa yaran su kawar da akuya daga bakin rijiya. Ƙafarsa ta zame daga feda, ya karkata hagu. Mai walda ne ya tare shi kafin kansa ya kai ga ƙarafa.

Muka shimfiɗa shi a siminti. Na yage rigar da bai taɓa cirewa a gabanmu ba. Muka kwaso duk kwalaben da ke firji, ruwan ya fara ɗumi saboda rashin wuta, muka riƙa zuba masa a kai da ƙirji da hammata. Mai walda ya ɓalle kwali yana yi masa fifita da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kiran mudir a waya. Magini yana numfashi da sauri, gajere-gajere. Ban ba shi ruwa a baki ba, don ba ya cikin hayyacinsa.

Mudir ya iso da motarsa cikin minti ashirin. Ya tsaya a ƙofa, ya dubi mutumin da ke kwance, ya dubi bangon alli, ya tambaya da Larabci ko magini yana da takardu. Na ce babu. Duk da haka ya ce mu ɗauko shi. Ya kai mu wani ƙaramin asibiti inda ya san likitan.

Kwana huɗu ana yi masa ƙarin ruwa. A rana ta uku, da ya dawo daidai, likitan ya zo ya yi magana, ni na yi tafinta. Ya ce jikin da ya saba da zafi ba rage gumi yake yi ba, ƙarawa yake yi, yana kuma fara shi da wuri, don da gumin yake sanyaya kansa. Ya ce bushewar fata a irin wannan hali alama ce ta jiki ya kasa, kuma da mun ƙara rabin sa'a da sai dai wani zancen. Ya ce ƙodarsa ta taɓu. Ya riƙa shan ruwa sosai, kada ya yi aikin rana, kada ya yi doguwar tafiya sai bayan wata guda aƙalla. Na fassara kowace jimla. Ban soke ko ɗaya ba, har na maimaita ta ƙarshen.

Magini ya gode wa likitan. Da likitan ya fita, ya juyo da kansa a kan matashi.

"Amma ka taɓa ka ji da hannunka."

"Na ji. Mutuwa ce ta matso, shi ya sa."

"Shi likita a ɗaki mai sanyi yake aiki. Ni na ga direban nan da idona." Ya gyara kwanciya. "Ba mu yi awo na biyu ba ranar. Da ka ga lambar."

Mai walda, da ke zaune a bakin gado, ya ce, "Yaya, in ka sake ambatar lamba zan haɗa ka da gadon nan da walda."

Magini ya yi murmushi. Bai sake tayar da zancen ba, mu ma muka ɗauka ya wuce.

Ranar da aka sallame shi na wanke bangon da ruwa da tsumma. Mudir ya ɗauke sikelin ya kai gidansa. Motar farkon Agusta ta tashi ba magini. Ya sami wuri a wata motar, bayan kwana goma sha biyu, ba wata gudan da likita ya ce ba. Ni da mai walda muka sayo jarka ta lita ashirin, muka naɗe ta da buhu muka ɗinke yadda matafiya ke yi, muka kai masa Tayuri ana gobe zai tashi. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mana addu'a mai tsawo. A ɗakin na ga kan keken ɗinkin a ƙulle cikin bargo, da tasa jarkar a gefe, da jaket ɗin a kai.

Ya tashi ranar Asabar da safe. Da yamma wani abokin kwanansa ya zo Mahdiya ɗauke da jarkarmu, a cike. Ya ce magini ya ce a maido mana, direba ya ƙi ƙarin kaya, kuma kada mu damu. Washegari magini ya kira ni daga garin Gatrun, a kan hanya, muryarsa garau, ya ce zai sake kira in sun kai Dirku.

Bayan kwana goma sha tara ƙanensa ya kira ni daga Tanut, yana tambaya ko yayansa ya fasa tafiyar ne.